Ko Kun Sani?

Wasan kwamfuta ya taɓa zama abin aikin manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa. A 2008 ƙungiyar Everton ta Ingila ta ƙulla yarjejeniya da waɗanda suka ƙirƙiro wasan Football Manager, don ta riƙa duba rumbun bayanansu idan tana farautar sababbin 'yan wasa. A cikin wasan kowane ɗan ƙwallo an ba shi maki daga 1 zuwa 20 a kan gudu, ƙarfi da iya raba ƙwallo, saboda haka yaron da ya nace wa wasan lissafi yake yi bai sani ba.

Wannan dabarar za ta zauna daidai a ajin firamare na Zermu, cikin gundumar Mirya, kuma da kokowa ma ta fi daɗi, tunda tun 1975 aka fara gasar kokowa ta takobin ƙasa a Tawa. Salula guda ta isa. A ɗauki karon yara biyu a kan rairayi, a rage saurin bidiyon har a ga inda ƙafa ta zame kafin kaye, sannan aji ya zauna ya ba kowa makinsa. Gardama kam sai malam ya tsawatar.