Tambayar da Ke Sa Haziƙin Ɗalibi Gumi

A kusan kowane aji na sakandare akwai yara biyu ko uku da kan gama aiki tun malam bai kakkaɓe alli daga hannunsa ba. Abin da aka saba yi musu shi ne a ƙara musu wasu tambayoyi goma irin waɗanda suka gama. Wanda ya warware lissafi iri ɗaya sau biyar, na shida ba abin da zai ƙara masa sai gundura. Da haka wasu ke koyon kasala, wasu su koma bayan aji suna surutu.

A 1956 Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa suka kasa tunanin ɗalibi hawa shida: hadda, fahimta, aiki da abin da aka sani, tsefe shi, haɗa sabon abu, da yanke hukunci bisa hujja. Yawancin tambayoyinmu a hawa biyun farko suke tsayawa, musamman idan WAEC da NECO suka matso, aka duƙufa kan tsofaffin takardun jarrabawa. Haziƙi kuwa sai an kai shi hawa na sama yake fara motsa ƙwaƙwalwa.

Ga misali daga darasin kimiyya. Malam ya tambayi aji duka: me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Da yawa za su gano cewa jikin randa yana tsattsafo da ruwa, ruwan ya bi iska, ya tafi da zafi. Sai malam ya ɗaga tambayar: to, me ya sa randa ta fi sanyaya ruwa da rani fiye da damina? Nan sai an yi tunanin laimar iska, domin iskar damina ta riga ta ƙoshi da ruwa. Ga masu saurin ganewa kuma ya ce: in an shafe bayan randa da fenti, me zai faru? Ku tsara gwajin da zai tabbatar da amsarku. Da wannan hikimar ta sanyin randa Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami kyautar Rolex a 2000.

Haka ma lissafi. A rubuta a allo: 1+3=4, 1+3+5=9, 1+3+5+7=16. Kowa zai iya faɗin abin da ya lura da shi. Haziƙi kuma a ce ya nuna dalilin da zai sa hakan ya tabbata ko an kai lamba ta ɗari. Wata dabarar ita ce a ba shi aikin da aka dasa kuskure a ciki, ya nemo inda aka kauce.

Sai dai tambaya mai kyau tana lalacewa a hannun mai gaggawa. Binciken Mary Budd Rowe a Amurka, cikin shekarun 1970, ya nuna malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kawai bayan sun yi tambaya. Da aka kai jiran daƙiƙa uku, amsoshi suka ƙara tsawo da hujja. Saboda haka in haziƙi ya cije, kada malam ya yi saurin ceto shi. Ya ba shi ɗan haske, ya bar shi ya sha fama.

A kuma kiyaye: ɗebo darasin aji shida a jibga wa ɗan aji huɗu ba zurfafawa ba ne, tambayar tarko ma kunyata yaro kawai take yi. Malam ya fara warware tambayar da kansa a gida, ya ware maki don hanyar da aka bi. In ɗalibi ya kawo amsa daidai, kafin a ce a tafa masa, a tambaye shi: "Ta yaya ka sani?"