KUƊIN SHINKAFA A CIKIN WAYA: INA ZA MU AJIYE SU?

Manomin fadama sau biyu kaɗai ya ke ganin kuɗi masu kauri a shekara, watau bayan girbin damina da bayan girbin rani. Cikin mako guda wahalar wata huɗu ta kan zama kuɗi a hannunsa. Da su zai ciyar da iyali, ya biya makaranta, ya sayi taki da man injin ban ruwa, har wani girbi ya kewayo. A dā damuwarmu ita ce inda za a ɓoye su, ko a tukunya, ko a ƙarƙashin katifa, ko kuwa a sayi tunkiya a ɗaure. Yanzu daga Gwadangaji zuwa Zauro da Ambursa har Argungu, mai sayen shanshera ya kan auna buhu, sa'an nan ya nemi lambar asusunka. Kuɗin ba su taɓa hannunka ba, sai dai waya ta yi ƙara.

Abin ya shigo mana ta ƙofa biyu. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Buhari ya buɗe shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a nan jihar Kebbi, manoma da yawa kuwa a lokacin su ka fara buɗe asusu, su ka karɓi lambar BVN. Ƙofa ta biyu ta fi zafi. A farkon 2023, sa'ad da a ka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi su ka ɓace daga kasuwa. Mai kifi a Argungu da mai albasa daga Aliero, wanda bai taɓa yarda da waya ba, tilas ya koya, in ba haka ba kayansa su ruɓe. Kotun Ƙoli ta maido da tsofaffin takardun a watan Maris na shekarar, amma kasuwa ba ta koma yadda ta ke ba.

To, tun da ya ke mun shiga, sai mu shiga da idonmu a buɗe.

Wa ke riƙe da kuɗin?

'Yan'uwa, waya ba ta riƙe kuɗi. Akwai kamfanin da ke bayanta, shi ne ya kamata mu fara bincika, kamar yadda mu kan bincika asalin iri kafin mu shuka. Ba dukansu ne iri ɗaya ba. Akwai manyan bankuna da mu ka saba da su. Akwai ƙananan bankuna na masu ƙaramin ƙarfi, irin su Moniepoint da Kuda. Akwai kamfanonin aika kuɗi ta waya, irin su OPay da PalmPay. Akwai kuma na kamfanonin layin waya, watau MoMo na MTN da SmartCash na Airtel, waɗanda su ka fara a 2022. Waɗannan na ƙarshe su na ajiya, su na aike, amma doka ba ta ba su izinin ba da rance ba. Ga wanda ba ya son kuɗinsa su haɗu da ruwa, akwai Jaiz da TAJ.

Abu biyu za ka tambaya. Babban Banki ya ba shi lasisi? Hukumar NDIC ta tsaya masa? Ita NDIC hukumar gwamnati ce da ke biyan masu ajiya idan banki ya rushe. Tun 2024 ta na biyan har naira miliyan 5 ga mai ajiya a babban banki, da miliyan 2 ga mai ajiya a ƙaramin banki. Kada mu ce banki ba ya faɗuwa. A watan Yuni na 2024 an soke lasisin bankin Heritage, waɗanda su ka fara samun kuɗinsu kuwa su ne masu wani asusu a wani banki a kan lambar BVN ɗaya, gama ta nan hukumar ta bi ta zuba musu. Saboda haka mu na ba da shawarar asusu biyu. Ɗaya na ajiyar kuɗin taki da iri, wanda ba a taɓawa. Ɗaya na cefane da ciniki.

Sa'an nan ka dubi wayar da ke aljihunka. Manhajar banki ta na bukatar babbar waya da data da caji, ukun nan kuwa ba kullum su ke haɗuwa a fadama ba. Ƙaramar waya mai tocila ta isa, muddin bankinka ya na da gajeriyar lambar da a ke dannawa, kamar *894# na First Bank, ko *919# na UBA, ko *737# na GTBank. A kan cire kusan naira 7 kowane dannawa. Kafin ka buɗe asusu, ka tambayi maƙwabta wanne ne ya ke tafiya a garinku sa'ad da sabis ya yi rauni, wanne ne kuma ya ke da ofishi ko wakili kurkusa. Kamfanin da ba shi da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, kada ka ba shi kuɗin girbi duka.

Ga wani abu da ya kan ba manoma kunya a gaban mai saye. Asusu hawa-hawa ne. Wanda a ka buɗe da sauri a kasuwa, na matakin farko, ba ya ɗaukar fiye da naira 300,000. Da farashin yau, buhu kaɗan ne za su cika shi, sai aiken ya ƙi shiga ko a tsare kuɗin. Ka kai lambar NIN da BVN da shaidar inda ka ke zaune, a ɗaga maka mataki tun shinkafa ba ta nuna ba.

Ƙananan ɓeraye

Kuɗin waya ba su cika tafiya gaba ɗaya ba, da kaɗan-kaɗan su ke zurarewa. A ce mai POS ya na karɓar naira 100 kowane cirewa. Wanda ya ke cire naira 2,000 kowace safiya, a wata ya ba da naira 3,000, kuɗin da zai sayi man ban ruwa. Wanda ya cire na mako gaba ɗaya, 'yan ɗaruruwa kawai zai biya. Akwai kuma harajin gwamnati na naira 50 a kan aiken da ya kai naira 10,000. Ba mu ce mai POS azzalumi ne ba, shi ma jarinsa ne da hayar rumfa. Mu dai mu yi lissafi.

Manyan ɓarayin kuwa da murya mai daɗi su ke zuwa. Wani zai kira ka, ya faɗi sunanka daidai, ya ce daga banki ne, za a rufe asusunka in ba ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka ba. Ka kashe wayar. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi lambar sirrinka. Kada ka sa shekarar haihuwarka ko 1234. Kada ka faɗa wa mai POS ya danna maka, ko da ɗan ƙanenka ne. Idan karatu ya yi maka wuya, ka koyi lambobi huɗun nan kaɗai, mun ga tsofaffi sun koya a yamma ɗaya a ajin yaƙi da jahilci. Mai sayar da shinkafa kuma ya sani ana ƙirƙira saƙon ƙarya mai kama da na banki. Kada a ɗora buhu a mota sai ka duba asusunka da kanka, ka ga kuɗin sun ƙaru. In waya ta ɓace, a ranar ka sa a toshe layin da asusun.

Wani abin da ke damunmu ƙwarai shi ne magidanta masu zuba kuɗinsu a asusun ɗansu, da mata masu turara shinkafa da ke zuba ribarsu a na maigida. A gaban banki, kuɗi na mai sunan ne. Kowa ya buɗe nasa. Ya rubuta sunan magaji a takarda, ya kuma sanar da iyali bankin da ya ke ajiya, gama gwauruwa da marayu su ne su kan sha wuya sa'ad da maigida ya tafi da asirin a cikinsa.

Rancen minti biyar

Manhajojin rance su na ba da kuɗi ba jingina, ba shaida. A ce ka karɓi naira 20,000, za ka mayar da 26,000 bayan wata guda. Shinkafa fa wata huɗu ta ke yi a gona, ina za ka samo na biya? In ka makara, waɗansunsu su kan aika saƙon cin mutunci ga dukan sunayen da ke wayarka, har surukai. Abin ya yi yawa har hukumar kare masu saye, FCCPC, ta tilasta musu rajista tun 2022. Rance irin wannan bai dace da noma ba ko kaɗan. Haka nan masu alkawarin ninka kuɗi. MMM ta tsaya da kuɗin jama'a a Disamba 2016, CBEX ta yi haka a Afrilu 2025, waɗanda su ka jawo mutane ciki kuwa yawanci abokai ne da 'yan'uwa masu kyakkyawar niyya.

Kada kuma waya ta sa mu raina abin da mu ke da shi. A 1991 matan yankin Maraɗi su ka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara tare da ƙungiyar CARE. Su na tara kuɗi mako-mako a akwati, su na ranta wa juna, kowa na gani. Tsarin ya bazu ƙasashe da yawa, a wurare da dama har da kwaɗo uku a akwatin, mabuɗan a hannun mutum uku. Ƙungiya irin wannan ta na iya buɗe asusu da sunanta, a ce sai mutum biyu ko uku sun sa hannu kafin a cire. Ambaliyar 2020 ta nuna mana hatsarin ajiye kome a gida. Rufe layukan waya a Zamfara a Satumba 2021 kuma ya nuna hatsarin ajiye kome a waya. A bar 'yan buhuna a rumbu, da ɗan abin cefane a hannu.

In an cire maka kuɗi ba su isa inda ka aika ba, kada ka yar da 'yar takardar POS, kada ka share saƙon. Ka rubuta rana da adadi a littafinka na gona, ka kai ƙara bankinka, ka karɓi lambar ƙarar. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, ka na da ikon kai maganar sashen kare masu ajiya na Babban Banki, wanda ya ke da reshe a Birnin Kebbi.