Dashen Haƙori da Ƙarin Ƙashi: Daga Ina Ƙashin Yake Fitowa?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wani ɗan'uwa ya tare mu bayan La'asar a nan Pumpumre, ya ce ya je Yawunde a dasa masa haƙori, likita ya duba hoto ya ce ƙashin muƙamuƙinsa ya zaizaye, sai an ƙara masa. Shin ya halatta?

Mu fara fahimtar aikin tukuna. Haƙori idan ya fita, ƙashin da ke riƙe da shi yakan soma shanyewa, har faɗinsa ya iya raguwa da kusan rabi cikin shekara guda. Shi kuwa dashe ƙusa ce ta ƙarfen titaniyom da ake kafawa cikin ƙashi, irin wadda Farfesa Brånemark na ƙasar Suwidin ya fara sa wa mutum a 1965. Ƙusa kuwa ba ta kama bangon da ya rarake.

Sai likita ya buɗe dasashi, ya cika gurbin da garin ƙashi, ya rufe da wata 'yar fata siririya don kada nama ya riga ƙashi shiga wurin, sannan ya ɗinke. Garin nan madogara ce kawai. Jikin mutum ne ke gina sabon ƙashi a kansa cikin watanni, galibi 4 zuwa 9.

Asalin gyaran babu laifi. Annabi (SAW) ya umarci Arfaja bn As'ad ya sa hancin zinare bayan na azurfa ya yi masa wari, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Inda maganar take shi ne kayan. Akwai ƙashin mutum kansa, daga haɓa ko ƙugu, akwai na wani mutum, akwai na saniya irin Bio-Oss, akwai wanda aka haɗa da sinadarin kalsiyom. 'Yar fatar nan ce mutane ba sa tambaya, alhali wadda ake kira Bio-Gide daga alade ake yin ta.

Imam Nawawi ya ba da uzuri ga wanda ya ɗora ƙashinsa da najasa saboda rashin mai tsarki. To a nan mai tsarkin yana nan. Don haka ku tambayi likita sunan garin da na fatar tun kafin ranar aiki, ku nemi naku ko na haɗi. Mai shan sigari da wanda sukarinsa bai daidaita ba su gaya masa gaskiya, domin a wurinsu aikin ya fi saurin lalacewa.

Wallahu a'alam.