Wane Girman Babur Ya Dace Da Wanda Ya Daɗe Bai Hau Ba?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi a Legas, don haka ba abin mamaki ba ne ɗan kasuwar da ke kwana a Agege yana nema a Oshodi ya fara tunanin komawa kan babur. Da yawa daga cikin irin waɗannan mutane ba baƙin babur ba ne. Wani ya yi acaɓa a Kano kafin gwamnati ta hana a watan Janairun 2013, wani kuma ya sayar da nasa ne lokacin da ya yi aure, ga shi yanzu shekara goma ko fiye bai riƙe kan mashin ba. Tambayar da irin wannan mutum kan fara yi ita ce: babba zan saya ko ƙarami?

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa idan aka ce girman babur, abu uku ake nufi, kodayake masu sayarwa ɗaya kawai suke faɗa. Wanda suke faɗa shi ne girman inji, wato lambar nan da ake rubutawa a jikin babur, 100 ko 125 ko 150, wadda ake kira si-si. Wannan lamba awon faɗin cikin silinda ne, inda mai da iska suke haɗuwa su ƙone. Gwargwadon yawanta, gwargwadon ƙarfin da injin zai iya bayarwa, haka kuma gwargwadon man da zai sha. Yawancin baburan da aka saba gani a titunanmu, irin su Bajaj Boxer da TVS na ƙasar Indiya, da Jincheng da Haojue na ƙasar Sin, tsakanin 100 ne zuwa 150.

Sauran biyun su ne nauyin babur da tsayin mazauninsa, kuma a ganina su ne suka fi shafar wanda ya daɗe bai hau ba. Dalili kuwa shi ne, a cunkoso irin na Oshodi ba gudu ake yi ba. Tafiya ce ta taku biyu a tsaya, a ratsa tsakanin danfo da tirela, a sa ƙafa a ƙasa, a ɗaga. A irin wannan hali babur ba ya tsayuwa da kansa, ƙafar mai shi da ƙugunsa ne ke riƙe da shi. Ƙaramin babur irin Boxer nauyinsa ya ɗan haura kilo 100 ne, amma manyan nan masu ƙara da samari ke sha'awa, masu si-si 600 zuwa sama, sukan kai kusan kilo 200. Idan irin wannan ya karkata a kan kwalta mai santsi lokacin damina, ba kowa ne zai iya tare shi ba, balle ya ɗaga shi bayan ya faɗi.

Gwajin tsayi kuwa ba ya buƙatar bakanike. Mutum ya hau babur ɗin tun a shago, da takalmin da ya saba sawa, ya ga ko ƙafafunsa biyu suna taɓa ƙasa sosai ba da ɗan yatsa kawai ba. Sai ya juya kan babur ɗin dama da hagu har ƙarshe, ya ga ko hannunsa na kaiwa ba tare da ya miƙe daga zaune ba. Sannan ya sauka ya tura shi gaba da baya. Wanda ya gagare ka turawa a fili, zai fi gagarar ka a lungun Zangon Agege.

Akwai wata matsala ta musamman ga mai dawowa, wadda sabon ɗan koyo ba shi da ita. Ɗan koyo ya san bai iya ba, shi ya sa yake tsoro. Shi kuwa tsohon mahayi zuciyarsa na tuna yadda yake kwana da kaya da fasinja biyu, amma hannu da ido sun yi sanyi, jiki kuma ya ƙara nauyi. Ga shi su ma baburan sun canza. Tsofaffin da ya sani birkinsu na ganga ne, sai an matsa da ƙarfi kafin ya kama. Manya da yawa na yanzu birkin faifai gare su a gaba, wanda ke kamawa nan take, idan aka damƙe shi da tsohon hannu tayar gaba na iya kullewa. Ba banza ba a ƙasashen Turai aka yi wa lasisin babur hawa-hawa, inda matakin farko bai wuce si-si 125 ba. A Nijeriya lasisin babur aji guda ne, wato ajin A, saboda haka mutum shi zai yi wa kansa wannan hawa-hawar.

To, da a Katsina ko Zariya muke, da maganar ta ƙare a nan: a sayi 100 ko 125 a huta. Amma Legas tana da nata hukuncin. Dokar hanya ta 2012, wadda aka sa wa hannu zamanin Gwamna Fashola, ta hana okada bin hanyoyi 475, dokar gyaran harkar sufuri ta 2018 kuma ta ƙarfafa hanin. A cikin wannan tsari si-si 200 shi ne iyaka: baburan da ba su kai haka ba ba su da hurumin hawa manyan tituna da gadoji, shi ya sa kamfanonin kai saƙo suke amfani da masu 200 zuwa sama. Babbar hanyar Legas zuwa Abeokuta, wadda mutumin Agege ke bi zuwa Oshodi, tana cikin waɗannan manyan tituna. Wato jiki na cewa ƙarami, doka na cewa babba.

A nan ne wasu ke ruɗewa, su ɗauka cewa da zarar sun sayi mai 200 sun sami izinin ɗaukar fasinja ko'ina. Ba haka ba ne. A ranar 1 ga Fabrairun 2020 da aka hana okada a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu yankuna, har kamfanoni irin su Gokada, da manyan baburansu da hulunan kwanonsu, hanin bai ƙyale su ba, dole suka koma kai saƙo. An sabunta hanin a watan Yunin 2022, sannan daga 1 ga Satumba na shekarar aka ƙara da ƙananan hukumomin Oshodi-Isolo da Mushin da Shomolu da Kosofe. Baburan da aka kama ba tara ake biya a karɓo su ba, gwamnati ta sha niƙe su da yawa a gaban 'yan jarida. Ga talakan da ya ci bashi ya sayi babur, wannan asarar jari ce gaba ɗaya.

Saboda haka amsar ta danganta da inda mutum zai bi. Wanda buƙatarsa ta cikin unguwa ce, kai yara makaranta, ko ɗauko nama daga mayankar Oko-Oba, 100 zuwa 125 ya ishe shi. Mansa kaɗan ne, kayan gyaransa na ko'ina, kowane bakanike ya san cikinsa. Idan Oshodi za shi, ya ajiye babur ya hau BRT ta layin Abule Egba, ko jirgin ƙasan nan na Jan Layi da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, tunda yana tsayawa a Agege da Oshodi duka.

Wanda kuwa aikin kai saƙo zai kama, ko tafiyarsa dole sai ta babban titi, ba shi da makawa sai 200. Shawarata gare shi kada ya wuce 200 zuwa 250, kuma a cikinsu ya zaɓi mafi sauƙin nauyi da gajartar mazauni, ba mafi ƙara ba. Kafin ya fita da shi, ya ari ƙarami ya yi sati biyu ko uku yana zagaye a fili da sassafe, yana gwada tsayawar gaggawa da birkin gaba da na baya tare, da kwana a hankali ba tare da sa ƙafa ba. Bayan nan ya maimaita a kan babban. Hular kwano kuma ta zama ta gaske mai maɗauri, ba irin ƙoƙon da wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a ka ba a 2009 lokacin da aka fara tilasta sa ta.