Turbar Gona Ta Fi Kwalta Ga Mai Gudu

Duk wanda ya saba bin hanyar Jos da asuba, daga Kwanar Dangora ya nufi Tudun Wada, ya san su. Samari ne uku ko biyar, wani da rigar ƙwallo, wani da singileti, suna gudu a gefen kwalta tun gari bai gama wayewa ba. Da yawansu shirin shiga soja ko ɗan sanda suke yi, don sun san kafin mutum ya ga ƙofar Depot ta horar da soja a Zariya sai an gwada numfashinsa. Tirela ta taho da lodin masara, ta danna musu hon, su faɗa ciyawa, ta wuce ta bar su da hayaƙi, su sake hawa titi. Duk sanda na ga haka sai gabana ya faɗi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, taku ashirin kacal daga inda suke, ga turbar gona nan ta miƙe tsakanin dawa da waken soya, babu mota, babu hayaƙi, kuma irinta ce manyan 'yan tseren duniya suke nema ruwa a jallo.

A Iten ta ƙasar Kenya, garin da ya yi suna wajen fitar da gwanayen dogon gudu, yawancin atisaye a kan jar ƙasa ake yin sa, a hanyoyin da ke ratsa gonaki. Eliud Kipchoge, wanda ya yi gudun kilomita 42 da ɗoriya cikin awa ɗaya da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a 2019, a hanyoyin karkarar Kaptagat ya yi shekaru yana horo. Haile Gebrselassie na Habasha kilomita 10 yake gudu zuwa makaranta yana yaro, ya sake yin 10 a dawowa, har hannunsa na hagu ya saba da lanƙwasa kamar mai riƙe da littattafai. Ɗan manomi ne, kamar yaran Yaryasa da Nata'ala da Burum-Burum da ke sammakon zuwa makaranta a ƙafa.

Dalilin fifita ƙasa a kan kwalta ba ɓoyayye ba ne. Duk takun da mai gudu ya yi, nauyin da ke sauka a ƙafarsa ya ninka nauyin jikinsa sau biyu zuwa uku. A kan kwalta taku ɗaya ne ake maimaitawa sau dubbai, wuri guda a ƙwauri da gwiwa shi ke ta shan duka. Ga shi kuma gefen titi a karkace yake don ruwa ya gangare, ƙafa ɗaya tana sama ɗaya tana ƙasa har a gama. Turba kuwa ba ta barin ƙafa ta yi taku iri ɗaya sau biyu. Nan tsakuwa, can rairayi, gaba kaɗan saiwar ɗorawa ta gitta, sai an ɗaga ƙafa. Kowane taku yana raba aikin ga wata jijiya dabam, idon sawu yana ƙara ƙwari, ido ma yana koyon karanta ƙasa. Sannan ga iska. Mai gudu yana zuƙar iskar da ta ninka ta mai zaune sau goma ko fiye, kuma ta baki yake zuƙa, ba ta bi ta hanci an tace ta ba. In hayaƙin gas ne a gabansa, shi zai kai har ƙasan huhunsa.

Allah ya yi wa wannan yanki na Tudun Wada da Doguwa baiwar da sauran Kano ba ta samu ba. Birnin Kano shimfiɗe yake, bai kai mita 500 a saman teku ba, amma da ka gangaro kudu sai ƙasa ta fara hawa da sauka, har ka kai duwatsun Riruwai a Doguwa, waɗanda suka haura mita 1,000. Kada dai a ruɗi kowa da wannan. Tsayin da ke sa jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini saboda ƙarancin iska ya fi haka nesa: Iten tana wajen mita 2,400, Bekoji ta Habasha, mahaifar Derartu Tulu da Kenenisa Bekele, ta fi ta ma. Abin da tudun Doguwa zai ba yaro shi ne ƙarfin cinya da na zuciya, irin wanda ya sa 'yan Filato suka fi kowa a Nijeriya a dogon gudu. Hawan tudu sau shida da saukowa a hankali ya fi awa guda ana jan ƙafa a shimfiɗaɗɗen titi. Wanda yake Bebeji ko Kiru kuma yana da hanyoyin da ke zagaye gonakin rani a kusa da madatsar Tiga, inda sanyin ruwa ke daɗewa da safe.

Turbar ma tana da nata sharuɗɗa, kuma duk ɗan ƙauye ya san su. Da damina ciyawa takan rufe hanya, kasa da kububuwa ba sa gudun mutum, suna kwance ne har a taka su, don haka kada a fita sai ido yana iya ganin ƙasa, kuma a bi inda sawun babur ya share. Da kaka ƙarangiya ce ke cika safa. Da hunturu, ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango bishiyar da ke ƙarshen gona, mai asma ya haƙura. Bazara ita ce mai haɗari. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da jiki ke ƙonawa a gudu zafi yake komawa, gumi ne ke fitar da shi, kuma cikin zafin Afrilu mutum na iya zubar da lita guda ko fiye a awa ɗaya. Wanda ya ji jiri, ko ya ga gumi ya ɗauke alhali jikinsa ya yi zafi rau, ya nemi inuwa da ruwa nan take. Al'adar nan ta sa rigar leda ko rigar sanyi wai don a rage teɓa, ruwan jiki kawai take tatsewa, kuma tana iya kai mutum kushewa. Dajin Falgore kuwa, duk kyawunsa, ba wurin gudun mutum ɗaya ba ne. An sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane a cikinsa. A tsaya inda ake jin carar zakaran gari.

Na taɓa bin wasu samari a irin wannan turba bayan sallar asuba, raɓa tana jiƙa mana ƙafar wando. Muka ci karo da wani dattijo da fartanya a kafaɗa, ya ja gefe ya tsaya yana duban bayanmu.

"Lafiya dai, samari? Me ya koro ku?"

"Lafiya lau, Baba, motsa jini muke yi."

Ya girgiza kai ya ce, "To, Allah ya taimaka. Ku dai kula mini da kunyar gyaɗa."

Maganarsa ta biyu ita ce dokar farko ta gudu a karkara. Turbar ta masu gona ce, mu baƙi ne a kanta. In an haɗu da garke a burtali a rage gudu a ba shanu hanya, in an haɗu da mata masu ɗauke da itace a yi sallama a raɓe. Tambayarsa ta farko kuma ita ke hana mutane da yawa fita, musamman magidanta da 'yan mata, don a wurinmu babba ba ya gudu sai da dalili. Alhali hawan jini da ciwon sukari sun daɗe da shigowa ƙauye tare da babur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, ko 75 na mai ƙarfi. Manomin da ke huɗa da hannu ya wuce nan tun ranar Litinin. Malamin makaranta da mai shago da ɗan acaɓa su ne abin ji.

Damuwata ita ce hanyoyin kansu suna ƙanƙancewa. Kowace damina sai wani ya ƙara kunya ɗaya a cikin burtali, wani ya ja shingensa gaba, har hanyar da a da shanu ke wucewa a jere ta koma sai mutum ya karkata kafaɗa. Makiyayi ne ya fara jin zafin wannan, daga nan rigima ke tashi, amma ɗan makaranta da mai gudu ma asararsu ce. Dagatai da masu unguwanni sun san iyakar kowane burtali, kuma su ne za su iya tsare shi.

Sauran aikin ba ya cin kuɗi. Malamin wasanni ɗaya da wayar da ke auna tafiya, ko babur mai mita, ya isa ya zagaya gari ya fitar da da'irar kilomita biyar, a shafa farin fenti a jikin kuka ko dutse a kowace kilomita. Tun 2016 ake tseren Legas, kusan kowace shekara 'yan Kenya da Habasha ke tafiya da manyan kyaututtukan, mu kuwa ba mu taɓa riƙe agogo mun auna yaran da ke bin zomo a farauta ba. A sa ranar tsere a watan Disamba, bayan an kwashe amfanin gona, ƙasa ta buɗe, macizai sun yi sanyi. Makarantun Tudun Wada su gayyaci na Doguwa da Kiru da Bebeji, 'yan mata su yi nasu zagayen da malamansu mata, a tashi daga ƙofar gidan hakimi da ƙarfe bakwai, a rubuta sunan kowane yaro da lokacinsa a littafi, a ajiye don baɗi.