Kafin Ƙungiya Ta Kafa Rediyon Oba-oba: Tudu, Kebul Da Sauran Kaya

A tarurrukan ƙungiyoyinmu na bayan girbi tambaya ɗaya tana ta dawowa, watau yaya za mu riƙa jin juna idan wayar hannu ta ƙi. Akwai ƙauyukan da sai mutum ya hau tudu kafin ya sami layi. A watan Satumba na 2021 kuwa an rufe layukan waya a Jihar Zamfara duka, da waɗansu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato, saboda sha'anin tsaro, aka yi makonni a haka. Amma naƙuda ba ta jiran layi, gobarar rumbu ma haka. Shi ya sa waɗansu ƙungiyoyi suke shawarar haɗa kuɗi su sayi rediyon oba-oba. Mun zaga wuraren masu sayar da irin kayan nan a Kano, mun zauna da masu gyara, ga kuwa abin da ya kamata kwamiti ya sani kafin a taɓa asusu.

Darasin Dutsen Dala

Wanda yake tafiya cikin lungunan birni, a ce daga Kasuwar Kurmi zuwa Jakara, ba ya ganin abin da ya wuce katangar da ke gabansa. Amma in ya hau Dala, wanda ƙwanƙolinsa ya kai mita 534 bisa matakin teku, sai ya ga birnin a shimfiɗe, ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, ga sauran ganuwar da aka soma ginawa a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Muryar oba-oba kusan haka take tafiya, kamar ido. Inda ido ya tsaya, ita ma ba ta wuce nan da yawa. Mutum biyu da ke tsaye a ƙasa da rediyon hannu, da wuya su ji juna bayan 'yan kilomitoci kaɗan.

Maganin wannan shi ne na'urar da ake kira rifita, watau mai maimaita magana. Ana ɗora eriyarta a wuri mai tsawo, ta karɓi muryar Malam Wane a kan zango ɗaya, ta sake tura ta nan take a kan wani zango da ƙarfi. A fili marar duwatsu, eriyar da ke kan ƙarfe mai tsawon mita 25 tana hangen wajen kilomita 20. Wadda ke mita 100 tana hangen wajen 40. Sai a lura, tsawo ya ninku sau huɗu kafin nisa ya ninku sau biyu. Duk da haka ƙarin tsawo ya fi ƙarin wuta amfani nesa ba kusa ba. Ba cewa muke a je a kafa ƙarfe a kan Dala ba, gama wurin tarihi ne mai masu kula da shi. Kowace gunduma ta nemi nata tudun, ko tankin ruwa na asibiti, ko hasumiyar majami'a.

Izini tukuna

Akwai mutane a duniya duka da suke aikin rediyo don sha'awa da koyo da taimako lokacin masifa. Su ne suka ƙware wajen gina rifita da hannunsu, daga wurinsu kuma muka koyi yawancin abin da ke cikin takardan nan. Na Nijeriya alamar kiransu tana farawa da 5N, na Nijar da 5U. A yankinmu na Afirka an ware masu zango daga megahaz 144 zuwa 146, da kuma 430 zuwa 440. Amma dokarsu ta hana maganar ciniki a kan waɗannan zanguna. Saboda haka ƙungiyar da take so ta riƙa sanar da farashin dawa a Dawanau, ko ranar zuwan motar taki, lalle ta nemi lasisin kanta da zangon kanta daga hukumomin sadarwa na Gwamnatin Tarayya. A kuma sanar da mai gari da 'yan sanda. A wannan zamani, wanda aka kama da oba-oba a daji ba takarda, zai sha tambaya. Ƙarfe mai tsawo kusa da filin jirgin sama, kamar na Malam Aminu Kano, yana bukatar yardar hukumar jiragen sama. Kada a sayi kome sai an san zangon da aka bayar, gama eriya da matata duka a kan zango ake yanka su.

Kebul, inda kuɗi yake zurarewa

Kebul shi ne wayar da ke haɗa na'ura a ƙasa da eriya a sama. Ku ɗauke shi kamar tiyon ban ruwa a fadama. In tiyo yana yoyo, kome ƙarfin injin, kaɗan ne zai kai ga albasa.

Abu na fari, kebul iri biyu ne a kasuwa, ga ido kuwa kamarsu ɗaya. Na talabijin da dish, irin su RG-6, mai om 75 ne. Na oba-oba mai om 50 ne. Na talabijin ya fi araha, ya fi yawa a rumfunan Sabon Gari, amma ba shi ne namu ba. A karanta rubutun da ke jikinsa.

Abu na biyu, kauri. Mu ɗauka na'ura tana ba da wat 25, kebul kuwa mita 30 ne, a zangon megahaz 150. Da siririn nan RG-58, wajen wat 7 ne kawai zai isa eriya. Da RG-213, mai kaurin ɗan yatsa, wajen 13 ne. Da mai taurin nan na rabin inci, wanda bangonsa bututun jan ƙarfe ne, irin wanda ake gani a jikin hasumiyoyin kamfanonin waya, wajen 20 ne. Hasarar nan kuma hanya biyu take ci. Yadda take cinye muryar da ke fita, haka take cinye raunanniyar muryar matar da ke kira daga ƙauye mai nisa. A zangon 430 hasarar ta fi haka.

Abu na uku ya shafi rifita musamman. Akwai kebul mai kyau wanda aka naɗe cikinsa da takardar alminiyom, aka bi da saƙar waya a kai. Yana aiki sosai a rediyon gida. Amma rifita tana ji tana magana a lokaci guda, in kuwa ƙarafan nan biyu suka soma gogar juna bayan iska da zafi sun sassauta su, sai su haifar da ƙara wadda za ta kurmantar da na'urar. Don haka masana suka fi son mai bututun jan ƙarfe a jikin hasumiya, da gajeru masu saƙa biyu, kamar RG-214, a cikin ɗaki.

Abu na huɗu, jabu. A roƙi mai kaya ya yanka ɗan guntu. A kankare wayar tsakiya da wuƙa. In kebul na RG-213 ya nuna fari a ciki, an yi masa wankan jan ƙarfe ne kawai. A kuma gwada shi da maganaɗisu, gama jan ƙarfe na gaske ba ya kamuwa. Saƙar ta zama a cike, ba kamar rariya ba. Tsohon kebul da aka ciro daga wata hasumiya yana iya yin kyau, muddin ruwa bai shige shi ba, kuma an san inda ya fito. Ƙungiyar ikilisiya ba ta sayen kayan da ba a san asalinsa ba. Araha dai ba ta ado.

Sauran kaya

Matata, wadda masu gyara ke kira dufleksa, gwangwanaye ne na ƙarfe, huɗu ko shida, da suke raba muryar shiga da ta fita domin eriya ɗaya ta ishi aiki biyu. A zangon 144 tazarar da ke tsakanin muryoyin biyu kilohaz 600 ce tak, shi ya sa gwangwanayen suke da girma da tsada. Mai gyara ne yake saita ta da awo. Bayan ya gama, kada kowa ya murɗa kome.

Na'urar kanta a sayi wadda aka ƙera domin aiki ba hutawa. Motorola da Kenwood da Icom da Yaesu duka suna yin irinta. Rediyon mota biyu da aka haɗa suna iya aiki, amma a zafin Afrilu sai an rage masu wuta an sa masu fanka.

Wuta kuwa ta rana ce, da batir na sola, ba na mota ba. Misali, in na'ura tana shan amfiya 1 tana jira, da 8 in tana magana, kuma ana magana awa 2 a yini, abin da za ta sha ya kusa 40 a lissafin batir. Batir mai lamba 100 ya isa yini guda ba tare da an sauke shi ƙasa da rabi ba. Lokacin hunturu a riƙa share ƙurar faranti kowane mako.

Damina ita ce mai jarrabawa. A sa mahaɗi irin N a waje, a naɗe shi sarai da tef na roba mai mannewa da kansa. A lanƙwasa kebul ƙasa kaɗan kafin ya shiga ɗaki domin ruwa ya ɗiga a waje. A kafa sandar jan ƙarfe cikin ƙasa, a haɗa hasumiya da ita da waya mai kauri, a sa abin kare aradu a bakin shiga. Bututu da ƙarfen kusurwa na hasumiya ana samunsu a Ƙofar Ruwa, mai walda na gari kuwa zai iya aikin in an ba shi awo.

Shawararmu ga kwamitoci

Ƙungiya ɗaya ba za ta iya wannan ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyi biyar ko shida na gunduma guda su haɗu. A fara da lasisi, sa'an nan wuri, sa'an nan kebul da eriya da matata, na'ura ta zo daga baya. In kuɗi ya gaza, a rage yawan rediyon hannu, kada a rage ingancin kebul. A zaɓi matasa biyu, namiji da mace, a koya masu kula da kayan, a kuma ware kuɗin sabon batir tun yau. A buɗe wa maƙwabta hanya, Kirista da Musulmi, gama gobara ba ta tambayar addinin mai rumbu.

Sa'ad da Nehemiya yake gyaran garun Urushalima, ma'aikata sun warwatsu nesa da juna, sai ya ajiye mai busa ƙaho kusa da shi domin a taru inda aka ji kira. Mu ma a warwatse muke cikin gonakinmu. Kwamitin da yake da tambaya ya aiko ta hannun mai bishara na gundumarsa, za mu amsa a fitowa ta gaba. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka.