Sabunta Fentin Tsohuwar Jitar Bas: Aikin Da Yanayin Zamfara Ke Tsayar Wa Lokaci

Ƙasar da ke tsakanin Bakura da Maradun da Talata Mafara ta san darajar abin kiɗa. A Ɗankadu ta ƙasar Bakura aka haifi Musa Ɗanƙwairo, makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun, wanda ya rasu a 1991. Daga Faru kuma Sa'idu Faru ya fito, ya yi ta wasa Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu a Mafara. Dukansu da kotso suka yi suna, kuma muryar kotso tana ga fata da naken da ake liƙa mata. Jitar bas ta lantarki, wadda ake gani a majami'u da hannun samari 'yan situdiyo, ba haka take ba: maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyinta huɗu ne ke ɗaukar sauti. Fentin jikinta kariya ce ga katako da kuma ado. Wanda ya kankare shi da fatan murya za ta sauya, wahala kawai ya saya.

Amma jitar gwanjo da ta sha hannu da zufa, fentinta ya tsattsage, tana iya komawa sabuwa a tsakar gida.

Fentin sheƙin da masu wannan aiki suka fi so shi ne na naituroselulos, wanda ake samu daga auduga da aka jiƙa da asid, sannan a narkar da shi a tina. A kan motoci ya yi suna. Kamfanin DuPont na Amurka ya fito da shi da sunan Duco a farkon shekarun 1920, ya mayar da jiran bushewar fentin mota daga makonni zuwa sa'o'i. Da Leo Fender ya ƙera jitar Precision Bass a 1951, irin wannan fenti ya fesa mata, daga baya ma launukan motoci kamfaninsa ya riƙa ɗauka. Sai a ƙarshen shekarun 1960 kamfanin ya koma ga fenti mai tauri na foliyesta.

Abin da ya sa ya dace da mai aiki a gida shi ne yadda yake bushewa. Tinar ce kawai ke tashi ta bar shi. Saboda haka duk sabon feshi yana ɗan narkar da na ƙasansa su haɗe su zama ɗaya, kuskuren jiya kuma ya gyaru yau. Foliyesta kuwa in ya daskare ya daskare ke nan. Shi ya sa kafin komai ake ɗiga tina a wani lungu da ba a gani, kamar ramin da wuyan jita ke shiga. In fentin ya yi laushi, naituroselulos ne. In ko gezau bai yi ba, sai iska mai zafi da makankari, ko kuma a goge masa fuska da samfefa a fesa sabo a kansa, wanda sau da yawa shi ne dabara.

A nan akwai batun da bai kamata a tuna wa Bazamfare sau biyu ba. Gubar dalmar da ta ɓulla a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta kashe yara fiye da 400, ta hanyar ƙura ta shiga gidaje. Waccan ƙurar dutsen zinariya ce, amma wasu fentocin mai na gini ma suna ɗauke da dalma. In wani ya taɓa shafa wa jitar irinsu da burushi, a jiƙa samfefa da ruwa, a yi nesa da yara da tukunyar abinci.

Bayan an kwance wuya da wayoyi da ƙarafa, ana goge katakon da samfefa mai lamba 220 zuwa 320, a bi jijiyar itacen. Sai silar da ke toshe ƙofofin katako, sai launi, sai garai-garai mai sheƙi. Feshin siriri ake yi, daga nisan kamar taƙi ɗaya, bai wuce sau uku a yini ba.

Sauran hukuncin na sararin sama ne. Da damina, musamman watan Agusta, tinar da ke tashi tana sanyaya fuskar fentin, laimar iska ta kwanta a kai ta maƙale, sai a wayi gari jitar ta yi fari-fari. Da bazara, lokacin da zafin Mafara ke haura digiri 40, feshin kan bushe tun bai sauka ba, ya bar jiki gurji-gurji kamar ɓawon lemo. Da hunturu laima ta tafi, amma buji ya zo, ƙwayar ƙura ɗaya kuma ta isa ta ɓata aikin yini. Mafi dacewa shi ne kaka, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya sauko, da hantsi in raɓa ta bushe. Masu zama kusa da madatsar Bakolori da gonakin noman raninta su ƙara jinkirtawa da safe. Kafintocin da ke fesa gadajen amare sun san wannan lissafi sarai.

Tururin tina yana kama wuta da ƙyas ɗaya, don haka babu feshi kusa da murhu ko janareto. Takunkumin ƙyalle ba ya tare shi, sai mai matatar gawayi.

Inda aka fi yin asara shi ne ƙarshe. Fentin kan bushe a hannu cikin minti kaɗan, amma cikinsa na ci gaba da fitar da tina har mako uku zuwa huɗu. A rataye jitar a inuwa a bar ta. Sannan a bi ta da jiƙaƙƙiyar samfefa daga 800 har 2000, a goge da man goge mota da tsumma mai laushi. Ko bayan an mayar da tsirkiya, kada a jingina ta da roba ko kujerar leda, domin suna cin wannan fenti su bar tabo.